Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinonin Ƙananan Hukumomin Jihar Ohayo: Kuɗin Diyyar Ƙwaya da Motar Asuba

Masu girma kwamishinoni,

Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan sauke nauyin da jama'a suka ɗora muku lafiya. Ni direba ne, ɗan Kano, mazaunin Kolombus. Shekara tara ke nan ina tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti a ƙarƙashin wani kamfani da ba sai na ambaci sunansa ba. Da Hausa na rubuta takardar nan saboda da ita nake tunani, kuma ina so 'yan'uwana direbobi 'yan Najeriya da Nijar da Gana da muke wannan sana'a tare su karanta, su gyara ni inda na kauce. 'Yata ce za ta juya muku ita zuwa Turanci. In ta iso muku da laushi fiye da yadda na rubuta, to aikin yarinyar ne, ta fi ni kunya.

Maganar kuɗin diyyar ƙwaya ce ta kawo ni. Kun fi ni sanin tarihin, amma bari in bi ta kai a gurguje saboda mutanenmu da za su karanta. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ƙwayar kashe zafin ciwo, dangin su tiramol da kodin da muka sani a gida, sai dai ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Aka gaya wa likitoci ba ta cika kama mutum ba, su kuma suka yi ta rubutawa. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotun tarayya, ya biya tara, kasuwa kuwa ta ci gaba da ci. Kudancin jihar nan ya ɗanɗana kuɗarsa. A Portsmouth da kewayenta aka yi ta buɗe shagunan da ake kira asibitin ciwon jiki, inda mutum zai ajiye tsabar kuɗi a miƙo masa takardar ƙwaya ko taɓa jikinsa ba a yi ba. Da majalisar jiha ta yi dokar rufe su a 2011, waɗanda suka riga suka kamu sai suka koma hiroyin, daga baya fentanil ta shigo ta ƙwace kasuwar gaba ɗaya. An gudu gara an faɗa gidan zago. A 2017 ɗakin ajiye gawa na Dayton ya cika har sai da aka nemi wurin aro. A 2021 mutum fiye da 5,000 ƙwaya ta kashe a Ohayo kaɗai, cikin sama da 100,000 a faɗin Amurka.

Ƙararrakin da garuruwa da ƙananan hukumomi suka shigar, dubbai, a jiharmu aka tattara su, a kotun tarayya ta Cleveland, gaban alƙali Dan Polster. Ƙarshenta aka yi sulhu. Manyan dillalan magani uku, wato McKesson da AmerisourceBergen da Cardinal Health, suka yarda su biya dala biliyan 21 cikin shekara 18, Johnson & Johnson kuma biliyan 5, ba tare da sun ce sun yi laifi ba. Cardinal Health ɗin nan maƙwabcinmu ne, hedikwatarsa na nan Dublin a bakin Kolombus, nakan wuce ta gefenta da fasinja a mota. Daga baya CVS da Walgreens da Walmart da wasu suka biyo sahu, har jimillar ta haura biliyan 50. Rabon Ohayo daga dillalan uku kawai ya kai kimanin dala miliyan 808. Bisa yarjejeniyar OneOhio, kashi 30 cikin 100 yana zuwa hannun ƙananan hukumomi kai tsaye, kashi 55 yana shiga gidauniyar OneOhio mai shiyya 19 wadda wakilanku ke zaune a kwamitocinta, kashi 15 na gwamnatin jiha ne. Ke nan mafi yawan kuɗin nan ko dai a aljihun ofishinku yake, ko kuma muryarku tana kai wa inda yake.

Roƙona guda ne: ku ware wani kaso tsayayye, kowace shekara, don ɗauko masu neman rabuwa da ƙwaya daga ƙofar gidansu zuwa wurin magani, a kuma mai da su. Ba sai kun nemi izinin kowa ba. A jerin abubuwan da yarjejeniyar ta halatta a kashe kuɗin a kansu, an rubuta sufuri zuwa wurin magani da wurin farfaɗowa ƙarara.

Ga dalilina. Akwai wata mata da na yi wajen wata goma sha huɗu ina ɗauka. A zuciyata Uwar Biyu nake kiranta, don tagwaye gare ta, mata, 'yan shekara sha uku a lokacin. Da can ma'aikaciya ce a gidan kula da tsofaffi. Ɗaga mutane daga gado zuwa keken guragu ya lalata mata baya, likita ya rubuta mata ƙwaya, ƙwaya ta ƙare ciwon bai ƙare ba, sauran labarin kun san shi. Gidanta gidan tirela ne a can cikin tsaunuka, kudu da Lancaster. Sai ka sauka daga babbar hanya mai lamba 33, ka hau ta kwalta mai hannu ɗaya, ka sake sauka ka hau ta tsakuwa inda waya ba ta kamawa. Ƙarfe huɗu da kwata na asuba nake tsayawa. Ba na yin ham, saboda yara na barci. Fitilar baranda ce alamarmu: in ta kashe ta kunna, tana ɗaura takalmi ke nan. Takan fito da kofi a cikin kwalbar jam da ta nannaɗe da safa don kada ya huce, ta shiga baya, ta ce mini barka da asuba da wata irin Hausa da ta koya daga bakina, wadda ko a Sabon Gari ba za a gane ba. A lokacin sanyi sai mun yi ta lallaɓawa saboda ƙanƙara da barewa masu tsallake titi ba sallama.

Mil 38 ne zuwa asibitin metadon, wato maganin da ake ba wanda ƙwaya ta kama don ya iya rabuwa da ita. Mukan isa ana buɗewa, layi ya riga ya miƙe a waje, mutane sanye da kayan aikinsu: masu hular kwano ta gini, masu rigar kanti, wata da jariri a kafaɗa. Ni kuma in shimfiɗa darduma a gefen mota in yi sallar asuba, in sanyi ya yi yawa in yi ta da safar hannu. Kafin in shafa addu'a ta fito. Abin da ta je yi bai fi minti uku ba. Ta tsaya gaban taga, nas ta zuba mata wani jan ruwa a ɗan ƙaramin kofin roba, ta shanye a gabanta, ta yi magana don a tabbatar ta haɗiye. Shi ke nan. Mil 76 zuwa da dawowa saboda kurɓa ɗaya, kwana shida a mako. Amma da wannan kurɓar ta riƙe aikin shara a wani otel, ta biya haya, ta hana hukuma ɗauke mata 'ya'ya.

Ya kamata a fahimci abin da ya sa wahalar ta kai haka. Metadon na maganin kamuwa da ƙwaya ba a sayar da shi a kemis a ƙasar nan. Dokar tarayya ta ce sai a asibitoci na musamman masu lasin, kuma sabon shiga galibi kullum zai zo a ga idonsa. Asibitocin nan a birane suka taru, ciwon kuwa ya fi yin ɓarna a ƙauyuka, musamman ƙananan hukumomi 32 na yankin Afalashiya na jihar nan, inda wasu wuraren ba a san motar haya mai bin layi ba ko da rana, balle da asuba. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa metadon da bufurenofin, wanda aka fi sani da Suboxone, suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ya lizimce su. Sharaɗin shi ne lizimtar. Wanda ya rasa kwana ɗaya zai fara jin jiki, hanci na zuba, ƙasusuwa na ciwo kamar ana sara. Wanda ya rasa kwana uku ko huɗu, in ya dawo sai an sake duba shi, a rage masa adadin da yake sha, don jikinsa ya fara manta maganin. A tsakanin nan dillali yana nan, kuma shi ba ya cewa ka zo, shi yake zuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce dillalinsa ya ba shi uzurin mota ta lalace ba.

Wata Litinin na duba jerin aikina a waya ban ga sunan Uwar Biyu ba. Na ɗauka an ba wani direba. Talata ma haka. Ban tambaya ba, kuma wannan laifina ne, ina ɗauke da shi har yau. Ashe wata takardar sabunta inshorarta ta gwamnati aka aika tsohon adireshinta, ba ta gani ba, kwamfuta ta cire ta, kamfaninmu kuma ba ya tayar da mota sai da lambar biya. Ta kira ofis aka ce ta cike fom ta jira. Ta roƙi maƙwabci ya kai ta kwana biyu, rana ta uku ya ce ba shi da mai. Kwana tara ta yi ba ta je ba. A rana ta bakwai ɗaya daga cikin tagwayen ce ta same ta a ƙasan banɗaki, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta fesa mata Narcan, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, a hanci kamar yadda aka koya musu, Allah ya sa da sauran kwana. Ranar da sunanta ya dawo jerina, ta shigo mota ba kwalbar kofi, ba gaisuwa. Sai da muka hau kwalta ta ce, tana kallon taga, ba ta yi niyyar komawa ba, mota kawai ta rasa. Kuɗin man da zai kai ta ya dawo da ita a waɗannan kwana tara bai kai abin da motar asibiti ta caza na zuwa ɗaya ba.

Na san abin da wani daga cikinku zai ce, don na ji an faɗa a zaman wata ƙaramar hukuma da na halarta: ai Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, na biyan kuɗin sufuri, me ya sa za mu biya sau biyu? Gaskiya ne tana biya, albashina ma daga can yake fitowa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsarin yana so ka kira kwana biyu kafin tafiya. Mutumin da ya farka yau ya ce na gaji, ku kai ni a ɗora ni a kan magani, niyyarsa ba ta kwana biyu. Awa uku ma da ƙyar. In gado ya samu a gidan jinya yau da yamma, ba za a riƙe masa shi zuwa jibi ba. Sannan tsarin asibiti ya sani, alhali mai farfaɗowa rayuwarsa cike take da wasu tafiye-tafiyen da in ya rasa ɗaya komai ya rushe: zaman kotun masu shaye-shaye, ganin jami'in da ke sa masa ido, gwajin fitsari da ake kiransa da safe a ce ya zo kafin yamma, taron 'yan'uwansa masu farfaɗowa da daddare, ziyarar 'ya'yansa da hukuma ta karɓe, da aikin da ya samu a wata ma'ajiyar kaya mai fara aiki ƙarfe shida. Galibin waɗannan ba mai biya. Da yawansu kuma ba su da lasin tuƙi, an dakatar da shi shekaru saboda tara da ba su iya biya ba. Jiha ta sassauta wannan a farkon 2025, na yaba mata, amma lasin ba ya zuwa da mota, ba ya zuwa da inshora. Sau nawa na ji fasinja ya ce ya tuƙa ba lasin don kada ya makara zuwa kotu, aka kama shi a hanya, ya shiga kotun da sabon laifi.

Sai ƙofar gidan yari, wadda ku kuke biyan kuɗin gudanar da ita. Wani bincike da aka yi a jihar Washinton aka wallafa a 2007 ya gano cewa a mako biyun farko bayan sakin fursuna, haɗarin ƙwaya ta kashe shi ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 100. Dalilin a fili yake: jiki ya saba da rashi, mutum ya fito ya sha adadin da ya saba sha da, numfashi ya tsaya. Na taɓa tsintar wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai a bakin titi wajen ƙarfe ɗaya na dare, a watan Janairu, da rigar shan iska, saboda da zafi aka kama shi. Kayansa a jakar leda, wayarsa ba caji. Ba ya cikin jerina, kuma dokar kamfani ta hana mu ɗaukar wanda ba ya ciki. Na ɗauke shi. Da na tambaye shi ina za shi, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ba ni adireshin gida ɗaya da ya san za a buɗe masa ƙofa a wannan lokacin, muka kuma san ni da shi wane irin gida ne. Da akwai motar da ke jiran duk wanda aka saka, da direban da ya san inda ake ba da gado da magani a daren, da ba can na sauke shi ba.

Ranku ya daɗe, abin da ya sa na ɗaga murya yanzu shi ne na ga inda irin wannan kuɗi ke bi. 'Yan jarida sun bankaɗo yadda a sassa daban-daban na ƙasar nan aka sayi motocin sintiri na 'yan sanda da na'urorin binciken jiki na gidan yari da kuɗin diyyar. Wasu wuraren kuma kuɗin na kwance a asusu shekara da shekaru ana cewa ana nazari. Ba na gaba da 'yan sanda, su ne sukan fara isa wurin wanda ya faɗi, da yawansu sun ceci rai da hannunsu. Amma suna da kasafinsu. Wannan kuɗi na waɗanda aka binne ne da waɗanda suka rage. In ya ƙare a sabuwar mota mai jiniya, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Kuma jihar nan ta taɓa yin irinta. A 1998 kamfanonin taba suka yi sulhu da jihohi 46 a kan dala biliyan 206. Ohayo ta kafa gidauniyar yaƙi da shan taba, ta yi aiki mai kyau na 'yan shekaru. A 2007 jihar ta jinginar da kuɗin da za su shigo nan gaba ta karɓi dunƙule, a 2008 kuma aka kwashe kusan dala miliyan 230 daga gidauniyar aka rushe ta. Ba sata aka yi ba, kowane kwabo an ce ga aikin alherin da za a yi da shi. Mai tarin taba dai bai gani a ƙirjinsa ba. Saboda wannan tarihin ne aka sa sharaɗi a yarjejeniyar ƙwaya cewa aƙalla kashi 85 cikin 100 sai an kashe shi a kan magance annobar. Sai dai sharaɗi a takarda yake, kuma kalmar magancewa tana da faɗi kamar babbar riga, komai aka cusa a ciki sai ya shige.

Ni ma daga garin da ya san kuɗin diyyar magani na fito. A shekarar da OxyContin ta shiga kasuwa, 1996, sanƙarau ya ɓarke a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji na yara kimanin 200, waɗanda kusan rabinsu ne aka ba shi, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta cewa maganinsa ne sanadi. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, iyalai na farko kuma ba su karɓi komai ba sai 2011, bayan shekara 15, bayan gwajin jini da kwamiti da lauyoyi. Ina saurayi lokacin da aka fara maganar, da furfura a gemuna aka gama ta. Abin da na koya shi ne, daga ranar da aka sanar da adadi a rediyo zuwa ranar da wani abu zai taɓa hannun mai ciwo, tafiya ce mai nisa, kuma a kowane zango akwai mai jira da ƙoƙo.

To in kun yarda za ku sa kuɗi a sufuri, ina roƙonku kada ku fara da sayen mota. Na ga an yi haka a wata ƙaramar hukuma. Aka sayo bas fara sabuwa fil, aka liƙa mata suna da manyan baƙaƙe har da kalmar farfaɗowa, aka ɗaura kyalle aka yanka, aka ɗauki hoto. Ba a ware albashin direba ba sai na shekara ɗaya. Yau tana bayan wani ofis ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Ko lokacin da take aiki mutane sun guje ta, don a ƙauyen da kowa ya san kowa, wa zai yarda motar da ke shelar ciwonsa ta tsaya a ƙofar gidansa? Mota ita ce mafi arha a wannan harka. Abin da ke cin kuɗi shi ne direban da zai tashi ƙarfe uku, da mai, da inshora, da tayoyin ƙanƙara, da mutumin da zai ɗauki waya ran Asabar da daddare ya ce ga mota nan zuwa. Ku biya waɗannan, a mota marar rubutu, da kwangilar shekara uku ko biyar. Kuɗin dillalan zai ci gaba da shigowa har wajen 2038, ba dalilin da zai sa a riƙa ba da tallafin wata goma sha biyu, a sa masu aikin su ɓata rabin shekara suna cike fom ɗin neman na baɗi.

Ku kuma bar motar ta tsallake iyaka. Asibitin da ya fi kusa da mutum sau da yawa a ƙaramar hukumar maƙwabta yake, motocin hukuma kuwa da sun kai allon iyaka sai su juya. Ƙananan hukumomi 88 gare mu, ƙanana irin Vinton da mutanenta ba su kai 13,000 ba ba za su iya riƙe tsari su kaɗai ba, kuma abin da ke zuwa wa wasu ƙananan garuruwa bai taka kara ya karya ba. In uku ko huɗu suka zuba a tukunya ɗaya, lambar waya ɗaya, mai raba aiki ɗaya, zai isa.

Wajen ɗaukar direbobi, ku duba cikin waɗanda suka farfaɗo suka yi shekaru tsaf. Wannan shawara tana rage mini kasuwa, na sani. Amma na ga bambancin. Akwai abokin aikina, Bature, shekararsa bakwai rabonsa da ƙwaya. Minti arba'in da fasinja zai yi a motarsa ya fi masa zaman awa guda a ofis, don ya san ƙaryar da ake yi kafin a faɗe ta, ya kuma san shirun da ke nufin mutum na shirin gudu. In ya tsaya a ƙofa ba a fito ba, ba ya rubuta bai fito ba ya wuce kamar yadda aka koya mana. Sauka yake ya ƙwanƙwasa. Ni sai da na shekara biyu a aikin kafin in daina kallon fasinjojina da idon da muke kallon 'yan ƙwaya a gida, idon da ke cewa su suka ja wa kansu. Ina faɗin wannan ne don 'yan'uwana direbobi su ji, saboda na san hirar da muke yi a bakin masallaci bayan Juma'a, na kuma san cewa yaranmu da aka haifa a nan ba su da wani laya da ya tsare su daga abin da ya kama 'ya'yan wasu.

Za a ce za a ci amanar tsarin. Za a ci. An taɓa roƙona in ɗan tsaya a wani gida minti biyu a karɓo caja, na san ba caja ba ce, na ƙi. Katin mai da ake rabawa wasu na sayarwa. Maganin wannan sananne ne: a biya direba, kada a ba da tsaba, asibiti ya sa hannu cewa mutum ya iso. Ɗan abin da zai zube bai kai kuɗin kwana ɗaya a ɗakin gobe da nisa ba, balle na ɗaukar yara biyu a kai su gidan riƙo.

Akwai kuma hanyar rage tafiyar ita kanta, kuma kuna da bakin magana a kai. Tun 2021 hukumar tarayya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta buɗe ƙofar asibitin metadon na tafi-da-gidanka, mota ce da ke zuwa gari ta tsaya ta ba da magani ta wuce. Abin da takan rasa shi ne filin tsayawa da yardar maƙwabta, ku kuwa kuna da filin ofishin lafiya da na baje koli da ke zaman banza da asuba. A 2024 kuma aka tabbatar da sassaucin da aka fara lokacin korona, wanda ya ba asibiti damar ba mutumin da ya natsu maganin har kwana 28 ya tafi da shi gida. Wasu asibitocin har yanzu suna jan ƙafa. In kuna biyan kuɗin kai mutane ƙofarsu, kuna da haƙƙin tambayarsu me ya sa matar da ta shekara fitsarinta na fita tsaf take zuwa kwana shida a mako. Uwar Biyu yanzu sau biyu take zuwa a wata, kujerarta ta koma ta wani.

Abu biyu nake so in gani a rubuce. Na farko, kada ku zare kuɗin da kuka saba ba motocin hayar ƙaramar hukuma ku cike gurbin da na diyya, sannan ku ce kun tallafa wa sufuri. Mu da ke kan titi za mu gane, don yawan motocin ba zai canza ba. Na biyu, ku liƙa lissafi inda kowa zai gani, a shafinku na intanet da allon ofis: nawa ya shigo bana, nawa ya fita, wa ya karɓa, tafiya nawa aka yi, mutum nawa suka kira aka ce musu babu mota. Wannan adadi na ƙarshe shi na fi so in gani, don shi ne wanda ba a son rubutawa. Zaman da za ku yanke shawarar kuma ku sa shi da yamma. Zaman ƙarfe tara na safiyar Talata, waɗanda abin ya shafa suna wurin aiki, ko suna hanyar dawowa daga taga, ko kuma ba su da motar zuwa.

Motata kujera shida gare ta, kuma galibi ta gaba babu kowa. Na tambayi mai gidana a wurin aiki, ya ce in fasinjojin ranar sun yarda ba shi da matsala. Duk kwamishinan da yake so, ya same ni ƙarfe uku da rabi a gidan man da muke haɗuwa, ofishinmu zai ba da kwatance. Ya zo da rigar sanyi mai kauri da takalmin da ba ya tsoron taɓo, ya bar mai ɗaukar hoto a gida. Za mu dawo Kolombus kafin ƙarfe tara, ba zai makara ofis ba.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani direba ɗan Kano, mazaunin Kolombus, jihar Ohayo